Kashe tukunyar nukiliya daban, sanyaya ta daban

Ka ce tunda tashar lantarki ta nukiliya ta Fukushima ta kashe kanta lokacin girgizar ƙasa, me ya sa kuma ta narke? Zauna ka ji, yarona, don amsar tana cikin aikinmu na famfo da janareta.

Ran 11 ga Maris, 2011, da ƙasa ta girgiza a Japan, tukwane uku da ke aiki a tashar, wato inda makamashin nukiliya ke dafa ruwa, sun tsaya da kansu, yadda aka tsara su. Sai dai makamashin nukiliya ko an kashe shi ba ya hucewa nan take. Kamar murhu ne da aka janye wa itace, garwashi na nan yana ci. Da farko zafin da ya rage ya kai kusan kashi 6 cikin 100 na ƙarfin tukunyar, bayan kwana ɗaya ya sauka ƙasa da kashi 1. Kada ka raina wannan ɗan kason, a tukunya mai girman nan ya isa ya ƙafar da ruwanta. Dole famfo ya yi ta zagaya ruwa ba dare ba rana.

Girgizar ta katse wutar waje, janaretocin dizal suka tashi lafiya lau. Kafin awa guda sai ga igiyar teku mai tsawon kusan mita 14 ta tsallake katangar da ke kare tashar. Abin da ke ci mini rai ke nan: yawancin janaretocin da allunan raba wuta a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa aka girke su. Ruwa ɗaya ya cinye su gaba ɗaya. Shi ya sa nake hana ka auna waya kafin ka tambayi inda ambaliya ke kaiwa da damina.

Famfo ya tsaya, ruwa ya ƙafe, sandunan makamashi suka fito fili. Kwansonsu na ƙarfen zirkoniyom ya haɗu da tururi ya haifar da iskar haidurojin, ita ce ta fasa gine-ginen tukwanen: gini na 1 ran 12 ga wata, na 3 ran 14, na 4 ran 15. Ma'aikata, bayin Allah, har batiran motoci suka ciro suka jona don su karanta geji a cikin duhu, suka koma tura ruwan teku da motocin kwana-kwana.

Janareta ɗaya a gini na 6 ya tsira, domin yana wurin da ruwa bai kai ba, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwan teku ba. Shi kaɗai ya riƙe tukwane na 5 da na 6.