Harshe ne ya raba Pakistan gida biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lakwal ne a Tawa. Na ji an ce Ranar Harshen Uwa ta 21 ga Fabrairu ta samo asali daga Bangaladash, kuma a fadarmu ana gardama cewa rigimar harshe kaɗai ta raba Pakistan. Ya gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokan hirarka sun kama bakin zaren, sai dai zaren na da tsawo.

A 1947 aka kafa Pakistan yanki biyu, Indiya a tsakaninsu, tazarar kusan kilomita 1,600. Mutanen gabas masu jin Bangali su ne fiye da rabin jama'a, amma a Maris 1948 Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa Pakistan, ya je Daka, babban birnin gabas, ya ce Urdu kaɗai zai zama harshen hukuma. Ka duba abin da wannan ke nufi ga ɗan Bangali: jarrabawar shiga aikin gwamnati, takardun hukuma, har rubutun jikin kuɗi, duk cikin harshen da ba nasa ba. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 ɗalibai masu neman a amince da Bangali suka karya dokar hana taro a Daka, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mutane, cikinsu Salam, Barkat, Rafiq da Jabbar. Don tunawa da su UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta keɓe wannan rana a 1999.

Ga inda gardamar fadarku ke da giɓi. Tsarin mulkin 1956 ya amince da Bangali tare da Urdu, amma ƙasar ba ta rabu ba sai bayan shekara 15. Abin da ya ci gaba da ruruwa shi ne dukiya da iko. Ramar da ake saƙa buhu, wadda gabas ke nomawa, ita ke kawo kuɗin waje, yamma kuma ke riƙe da soja da manyan muƙamai. Shi ya sa buƙatu shida da Sheikh Mujibur Rahman (Mujib), jagoran siyasar gabas, ya gabatar a 1966 suka tsaya kan haraji, kuɗin waje da tsaro: a bar wa gwamnatin tsakiya tsaro da hulɗar waje kawai.

A zaɓen Disamba 1970 jam'iyyarsa ta Awami ta samu kujeru 167 cikin 313, rinjaye ƙarara. Shugaban ƙasa Janar Yahya Khan ya ɗage zaman majalisa, Zulfikar Ali Bhutto, wanda jam'iyyarsa ta yi rinjaye a yamma, ya ƙi yarda Mujib ya yi mulki bisa buƙatun nan. A ganinmu nan ne aka yi ɓarnar da ba ta gyaru ba, domin an nuna wa mutane cewa ƙuri'arsu ba ta da daraja.

Daren 25 ga Maris 1971 soja suka far wa Daka, suka kama Mujib. Wata tara ana yaƙi tsakanin sojan Pakistan da mutanen gabas, kusan mutum miliyan 10 suka tsere zuwa Indiya. Indiya ta shiga yaƙin ranar 3 ga Disamba, ranar 16 kuma sojojin Pakistan suka miƙa wuya a Daka, yankin gabas ya zama ƙasar Bangaladash.