Basun ba ya son kumatun mai algaita

Ka ce kai jikan masu algaita ne, tun kana ƙarami kake bin kakanka hawan Sallah, amma basun ɗin, wato dogon kayan busa na itace irin na Turawa, da aka ba ka aro a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan ya ƙi ka: in ka busa sai muryar ta haura sama tana ƙara, muryoyin ƙasa kuwa sun ƙi fita sam. Kana so in duba ko kayan ne ya lalace. To na duba, ɗana. Na toshe kowane gaɓa na zuƙi iska, babu inda yake yoyo. Lafiyarsa lau. Matsalar a bakinka take, kuma gadon gida ne ya jawo maka ita.

Algaita da basun duk da kara mai harshe biyu ake busa su, shi ya sa ka ɗauka abu ɗaya ne. Amma tuna yadda kakanka ke yi. Yakan zura karan gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa su tokare da ɗan faifan nan, ya cika kumatu tim, karan yana ta rawa shi kaɗai a ciki babu abin da ya taɓa shi. Shi ya sa algaita ke da amo ɗaya mai ƙarfi, wanda za a ji daga ƙofar fada har bakin kasuwa. Ba a nemi ta yi raɗa ba. Basun kuwa a cikin taron goge da sarewa yake zama, yau a ce ya yi ƙasa-ƙasa har da ƙyar ake jin sa, an jima a ce ya ɗaga. Wannan iko a leɓe yake. Ka ɗan naɗe leɓɓanka a kan haƙora, ka saki haɓar ƙasa kamar mai shirin hamma, ka sa rid ɗin, wato karan busa na basun, har leɓen sama ya kusa taɓa wayar farko cikin wayoyin da aka ɗaure shi da su. Kumatu su zauna a lafe. Kai kuwa da ka ji rid yana neman kufce maka sai ka cije shi, bakinsa ya tsuke, murya ta haura. Ta ina muryar ƙasa za ta fito?

Ka duba tsawon abin ma. Bututun basun in an miƙe shi ya kai wajen mita 2.5, naɗe shi aka yi biyu don hannu ya kai. Iskar da za ta motsa wannan rami mai faɗi ce, mai ɗumi, daga ciki take tasowa a hankali. In ka tunkuɗa masa irin ta algaita, sai ya shaƙe.

Ga kuma harshe. Mai algaita da yatsu yake ƙawata busa, don harshensa bai da hanyar sarrafa karan da ke yawo a baki. A nan kowace murya da harshe ake buɗe ta: ka ɗora shi a kan tsinin rid, ka tara iska a baya, sannan ka janye. Fara da muryar da ake kira C, yatsu uku na hagu a rufe, babban yatsa a kan mabuɗin da ke toshe ɗan ramin wuyan ƙarfen da ake soka rid a kansa. Riƙe ta muddin numfashinka, gaban madubi, kana kallon kumatunka. Abin da ban haushi, na sani, musamman ga wanda ya saba tara jama'a. Daure.

Yanzu miƙo rid ɗin naka. Ka gani? Ya yi baƙi a ciki, fumfuna ce. Karan da ake yin sa wani irin gora ne da aka fi nomawa a yankin Var na kudancin Faransa, kuma ba don damshin Legas aka yi shi ba. Ka gama busa ka jefa shi a jiƙe cikin robar da ba ta shan iska, ka shiga danfo zuwa Agege, kafin ka sake buɗewa ya ruɓe. Ka huda wa akwatin ramuka, ka ɗauraye rid da ruwa mai tsabta, ka bar shi ya sha iska. Kada ka dogara da guda ɗaya, ka riƙa juya biyu ko uku. Kafin busa ka jiƙa shi a ruwa minti biyu zuwa uku, yawu kaɗai ba ya isa. Sannan ka busa shi shi kaɗai, leɓɓa har kan waya, ba matsi. Lafiyayyen rid yana ba da wata ƙara mai kaushi, muryoyi a cakuɗe. In siririyar murya ɗaya tal ka ji, to ya tsuke ko ya yi tauri. Ɗauko filaya, ka ɗan matsa wayar farko ta gefe da gefe, bakinsa zai buɗe. Ta sama da ƙasa kuwa rufe shi take yi. Waya ta biyu akasin haka take aiki. Kaɗan-kaɗan fa, don karan rid daga waje ake kawo shi, kuma ka san yadda dala take.

Kada ka ce na raina gadonka. Numfashin nan na masu algaita, ana shaƙa ta hanci busa ba ta yanke ba, akwai manyan masu basun a Turai da suke shan wuya kafin su koye shi, kai kuwa a gida ka tsince shi. Ajiye shi tukuna. Ran da malaminka ya ɗora maka kiɗan basun da shahararren mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta a 1774, yana ɗan shekara 18, za ka gode wa huhun da kakanka ya gina maka.

Maganar yatsu ba zan ja ta ba, aikin malaminka ne. Naka tsarin Jamus ne, irin na gidan Heckel masu ƙera basun, da aka kafa a 1831, kuma babban yatsan hagu kaɗai yana da mabuɗai wajen tara da zai yi ta zirga-zirga a kansu. Zai saba.

Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ruwan da na tarar a gindin kayan. Itacen nan ba ya shiri da ruwa, kuma kayan ba naka ba ne. Duk ran da ka gama, ka kwance shi, ka zubar da ruwan ta ƙaramin ramin da aka yi wa shafi, ka bi da ƙyalle, ka hure wuyan ƙarfen. Kada ka kwantar da shi a kan benci yana jiƙe, ruwa zai gangara cikin ramukan yatsu ya lalata fatun mabuɗai. In hunturu ya shigo kuma, nesanta shi da rana da bakin fanka.

Wannan rid ɗin dai ya gama aiki, jefar da shi. Ga wani na ɗaure jiya, ka biya ni in ka samu. Ranar Asabar ka biyo ta Obalende da shi, in ji C ɗin taka kafin in nuna maka yadda ake kankare shi da wuƙa.