Yadda ƙwayoyin garkuwar ɓera ke gane hanyarsu

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda masu karɓar saƙon kemokin suke a ƙwayoyin garkuwar jikin ɓera, da aikin da suke yi. Kemokin sinadari ne da jiki ke saki don kiran ƙwayoyin garkuwa zuwa inda ake buƙatarsu. Mai karɓar saƙonsa kuwa furotin ne da ya ratsa fatar ƙwayar sau 7, tamkar zaren ɗinki. Kansa na waje yana cafke kemokin, jelarsa ta ciki ta tayar da furotin G mai isar da saƙon cikin ƙwayar, sai ƙwayar ta rarrafa zuwa inda sinadarin ya fi yawa, kamar mai bin ƙamshin tsire da yamma. Misali, mai karɓar saƙo da ake kira CCR7 ke kai ƙwayoyin T (wani nau'in ƙwayoyin garkuwa) cikin kaluluwa ta bin kemokin CCL19 da CCL21, wani mai suna CXCR4 kuwa shi ke riƙe ƙwayoyi a ɓargo.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. Ba shi da kemokin CXCL8 na mutum sam, mai karɓar saƙonsa CXCR2 kemokin CXCL1 da CXCL2 yake amsawa. Ni ma na taɓa yin kuskure a ɗakin gwaji nan Kano: na sayi antibodi (furotin mai manne wa abin da ake nema ya yi masa alama) wanda aka yi don ƙwayoyin mutum, da tsadar gaske, na zuba wa ƙwayoyin saifar ɓera, ko alama bai nuna ba. Ka fara duba rubutun kwalbar tukuna, ka ga ko na ɓera ne. In CCR7 kake nema, yi rinin ƙwayoyin da antibodin a zafin digiri 37, a kan ƙanƙara da ƙyar yake fitowa.