Kakakin majalisar Malaya na farko da kuma batun surukuta

Malam, ka tambaya waye ya fara zama kakakin majalisar wakilan Maleshiya, kuma ko da gaske ne surukin firaminista biyu ne. Gaskiya ne. Sunansa Mohamed Noah bin Omar, haifaffen Muar a jihar Johor a 1897, ya rasu a 1991. 'Yarsa Rahah ta auri Abdul Razak, firaminista na biyu, Suhailah kuma ta auri Hussein Onn, na uku. Najib Razak, firaminista na shida, jikansa ne. Sai dai ba surukuta ce ta kai shi kujerar ba.

Tushensa gwagwarmayar 1946 ce. Turawan Ingila sun tura Harold MacMichael ya bi sarakunan Malay ɗaya bayan ɗaya yana karɓar sa hannu, aka haɗe jihohinsu ƙarƙashin gwamna guda, aka bar wa sarakuna harkar addini da al'ada kawai. Jama'a suka naɗa farin ƙyalle a hulunansu alamar makoki. Ranar 11 ga Mayun 1946 aka kafa UMNO, jam'iyyar 'yan ƙabilar Malay masu adawa da wannan tsari, a birnin Johor Bahru ƙarƙashin Onn Jaafar, Noah na cikin waɗanda aka kafa ta da su. A Fabrairun 1948 Turawa suka janye tsarin.

Aikin kakakin ne ya fi cancanta a duba. Bayan zaɓen Agustan 1959, majalisa mai kujeru 104 ta fara zama ranar 11 ga Satumba, shi yana wakiltar mazaɓar Johor Bahru ta Gabas. Ƙawancen gwamnati, wanda UMNO ke jagoranta, na da kujeru 74, wato ya haura kashi biyu cikin uku, adadin da ake buƙata don gyara tsarin mulki. A nan matsalar take: idan rinjaye ya kai haka, ba abin da ya rage wa 'yan adawa sai magana, kuma kakaki ne ke raba lokacinta. Ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ga shi ɗan jam'iyya mai mulki, surukinsa Abdul Razak mataimakin firaminista, a gabansa kuma ga 'yan jam'iyyar Musulunci ta PAS su 13 da lauyoyi masu zafin baki irin D. R. Seenivasagam na Ipoh. Kowane hukunci ya yanke, idanu na kansa. Muhawarar ma da harshe biyu ake yi, domin tsarin mulki ya halatta Turanci tare da Malay na shekara goma bayan 'yancin 1957.

A zamaninsa aka zartar da dokar tsaron cikin gida ta 1960, mai ba da damar tsare mutum ba shari'a, da dokar kafa Maleshiya a 1963 (kafin nan Malaya ake kiran ƙasar). Ya sauka a 1964. Ya shugabanci majalisar dattawa a 1969, amma rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayun shekarar ya sa aka dakatar da majalisa har 1971. Shi ne kuma ya haɗa hannu da ɗan kasuwa Lim Goh Tong a 1965 wajen kafa kamfanin Genting Highlands, mai wurin shaƙatawa a kan tsauni.