Sabar ta yi nauyi bayan bazara: katin RAID ne ya mutu, ko batirinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da kaya a nan Zinder, wajen Sabon Gari. Muna da sabar ɗaya da muka saya ta hannu, tana da katin RAID, mai haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, da faifai huɗu, kowane terabait 4, an haɗa su RAID 5. Tun watan Mayu manhajar lissafinmu ta yi nauyi, takardar ciniki ɗaya sai an yi ta jira kafin ta shiga. Katin yana nuna saƙo a kan batiri, kuma faifai ɗaya ya fita daga jerin har sau biyu, na zare shi na mayar ya ci gaba da aiki. Wani abokina ya ce in zaɓi Always Write Back, gudu zai dawo. Wani kuma ya ce katin ya mutu, in sa a kawo sabo daga Kano. Wanne zan bi?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Yau ɗin nan, kafin ka taɓa komai, kwashe bayanan kamfanin ka zuba a wani faifai na waje, ka buɗe kwafin a wata kwamfuta ka tabbatar yana karantuwa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ya dogara ne a kan ka yi wannan.

Ga alama katinka lafiyarsa ƙalau. Shi ya rage gudun kansa da gangan, kuma ya yi daidai.

A jikin katin akwai ƴar ma'ajiya mai sauri da ake kira kash. Ka ɗauke ta kamar yaron shago a Kasuwar Dole ranar da ciniki ya yi zafi: kana faɗa masa abin da ka ɗauka, yana cewa "an rubuta", alhali a kansa ya riƙe, sai layi ya ragu ya zauna ya shigar a littafi. Wannan shi ne Write Back. Manhaja ta turo bayani, kati ya ajiye a kash ya ce an gama, daga baya ya jera rubuce-rubucen ya sauke su a faifai cikin tsari. A Write Through kuwa, yaron ba ya sallamar kowa sai ya buɗe littafi ya rubuta, shi ya sa layi ke tsawo. Matsalar kash ita ce da zarar kuran ya ɗauke, abin da ke cikinta ya tafi. Aikin batirin shi ne ya riƙe ta da rai, a tsofaffin katuna kwana biyu zuwa uku, har wuta ta dawo a ƙarasa rubutun. Idan kati ya ga batirin ba zai iya ba, sai ya koma Write Through da kansa. Abin da ya faru da kai ke nan, kuma ba mamaki a watan Mayu ne. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, ga shi a Damagaram Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin sabar, balle batirin da ya riga ya ci shekaru a wata ƙasa kafin ya iso hannunka.

Ka duba abu ɗaya kafin ka yanke wa batirin hukunci. Wasu katunan, irin tsofaffin PERC na Dell, kusan duk kwana 90 suna sauke cajin batirin su sake cika shi don su auna ƙarfinsa, kuma a wannan lokacin sukan koma Write Through na ƴan awoyi. Amma naka tun Mayu yake, ba awo ba ne. Manhajar katin za ta faɗa maka gaskiya: storcli idan na LSI ko Broadcom ne, perccli ga Dell, ssacli ga HPE.

Abokinka na farko bai yi ƙarya ba, Always Write Back zai dawo da gudu nan take. Ma'anarsa dai ka umarci yaron shago ya ci gaba da cewa "an rubuta" bayan ka san yana da mantuwa. Ranar da wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, manhajar lissafi ta riga ta ɗauka cinikin ya shiga, faifai kuwa bai gan shi ba. A RAID 5 akwai abin da ya fi haka muni: bayani ya sauka, lissafin kariyarsa, wanda da shi ake fito da bayanin faifan da ya mutu, bai sauka ba, babu kuma wanda zai lura sai ranar da faifai ya mutu aka sake gina shi da lissafin da ba daidai ba. Za ka ce ai akwai ondilar, mai riƙe wa sabar wuta idan kuran ya ɗauke. Ondilar ma batiri gare ta, a ɗaki ɗaya suka sha bazarar. Kuma ba ta hana akwatin wutar sabar ƙonewa, ba ta hana mai shara taka waya.

Don haka batiri za ka saya, ba kati ba. Idan katinka na karɓar irin na'urar da ake kira sufakafasita, wadda LSI ta fito da ita da sunan CacheVault, ita na fi so a ƙasarmu. Ba ta ƙoƙarin riƙe kash na kwanaki; ƴan daƙiƙu kawai take ba da wuta a kwashe abin da ke ciki a zuba a ma'ajiyar filash, wadda ba ta mantuwa ko wuta ta yi sati ba ta dawo ba. Ta fi batiri jure zafi, ta fi shi tsawon rai. Sannan a cikin saitin akwai wata kash ta daban, ta jikin faifan kansa. Wannan batirin kati bai kare ta ba, ka kashe ta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda kai ka ambata kamar a wuce: faifan da ke fita yana dawowa. Duk lokacin da ya fita, RAID 5 ɗinka ba shi da sauran kariya. Duk lokacin da ka mayar da shi aka sake gini, sauran ukun sai an karance su tun daga farko har ƙarshe. Caca ka yi sau biyu ka ci.

Dalilin fitarsa ɗaya ne cikin uku ko huɗu. Faifan kwamfutar gida idan ya ci karo da wurin da ya ƙi karantuwa yakan nace a kai na tsawon lokaci, kati ya jira ya ji shiru, ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. Faifan da aka ƙera don jeri yana haƙura bayan kamar daƙiƙa 7 ya gaya wa kati, kati ya gyara wurin daga lissafin kariya. Western Digital na kiran wannan TLER, Seagate kuma ERC. Akwai kuma faifai irin SMR, masu rubutu layi bisa layi kamar jerin kwanon rufi, waɗanda ke sarewa idan rubutu ya yi yawa. A 2020 an yi ta hayaniya da aka gano irinsu cikin faifan da ake sayarwa don jeri. Ka nemi CMR, irin wanda layukan rubutunsa ba sa hawa juna. Ko kuma waya ce da mahaɗi suka ci ƙurar hunturu. Ko faifan ne dai ke mutuwa. Manhajar smartctl na iya leƙa faifan ta bayan katin. A rahoton lafiyar faifan da za ta nuna maka, layi mai lamba 5, 197 da 198 idan ba sifili ba ne, jikin faifan ya fara rubewa. Idan 199 ce ke hawa, waya ko mahaɗi za ka tuhuma. A binciken da ma'aikatan Google suka fitar a 2007 kan faifai sama da 100,000, sun ga faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken jikinsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Ni faifan da ya fita sau biyu ba na sake ba shi amana.

Shi kansa RAID 5 ɗin ya kamata mu yi maganarsa. Dabarar tsohuwa ce, tun takardar da David Patterson, Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Bakli suka wallafa a 1988, lokacin da ake auna faifai da megabait. Hikimar kamar ka rubuta 3, 5, 2 a faifai uku, ka rubuta jimlarsu 10 a na huɗu. Kowace lamba ta ɓace za ka iya fito da ita daga sauran. Amma duba kuɗin da ake biya. Don canza ɗan ƙaramin bayani, sai kati ya karanta tsohon bayanin, ya karanta tsohon lissafin, ya rubuta sabon bayani, ya rubuta sabon lissafi: aiki huɗu a kan rubutu ɗaya. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana yin ƙananan ayyuka kamar 80 a daƙiƙa. Huɗu sun ba ka 320, ka raba huɗu, ka koma 80, wato ƙarfin faifai ɗaya tak. Manhajar lissafi kuwa ƙananan rubuce-rubuce ne aikinta daga safe har yamma. Kash ce ke rufa wa wannan asiri, shi ya sa da batiri ya faɗi komai ya fito fili.

Sai ranar sake gini. Faifanka ɗaya ya mutu, dole a karanta terabait 12 ba tare da tuntuɓe ba. Masu ƙera faifan gida suna rubuta cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya cikin kusan terabait 12.5. Wannan iyaka ce ta takarda, yawancin faifai sun fi haka kyau, amma ka ga yadda lambobin biyu suka yi kusa. Ginin kuma ba ƙaramin lokaci ba ne: terabait 4 a gudun megabait 150 a daƙiƙa ya haura awa 7 ko babu mai taɓa sabar, idan ana aiki a kanta yana iya cin yini da kwana. Faifan kuma galibi rana ɗaya aka saye su, tare suka tsufa.

Da faifai huɗu, RAID 6 da RAID 10 duk terabait 8 za su bar maka maimakon 12. RAID 6 na jure mutuwar kowane biyu, amma aiki shida yake yi a kan rubutu ɗaya. RAID 10, inda kowane faifai ke da tagwayen da ke riƙe kwafinsa, aiki biyu ne kawai, sake gininsa kwafin faifai ɗaya ne daga tagwayensa, rauninsa shi ne idan tagwayen biyu suka mutu tare. Ga manhajar lissafi ni RAID 10 zan zaɓa. In kuma maigida zai iya sakin kuɗi, sayi SSD biyu, wato faifan filash marasa juyi, irin na sabar, masu kariyar yankewar wuta, ka yi musu RAID 1, wato kowane ya zama kwafin ɗan'uwansa, ka ɗora ma'ajiyar lissafin a kai, manyan faifan su riƙe sauran takardu. Sauyawar dai sai an rushe jerin an gina sabo an dawo da bayanai daga kwafi, aikin daren Asabar ne zuwa Lahadi.

Katin yana da ayyuka biyu da mutane ke kashewa wai suna rage gudu: Patrol Read, mai zagaya faifai yana neman wuraren da suka fara lalacewa, da Consistency Check, mai gwada lissafin kariya da bayanan. Su ne ke gano ruɓaɓɓen wuri tun akwai abin gyara shi. Ka bar su, ka mayar da su dare ko Lahadi. Ka kuma sa katin ya riƙa aiko maka da saƙo ta imel idan wani abu ya faru. Na taɓa tarar da sabar da ta yi watanni da mataccen faifai, fitila ja tana ta ƙiftawa a ɗakin da ba mai shiga.

Batun zafi, kuskuren da na fi gani a garin nan shi ne a buɗe murfin sabar a kafa mata fanka. An ƙera akwatin ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya da ƙarfi, katin RAID kuma yawanci ba shi da fankar kansa, da wannan iskar yake rayuwa. Ka buɗe murfi, iskar ta watse, katin ya fi kowa shan wuya. Rufe shi, toshe ramukan faifan da ba kowa, ka tabbatar kilim ɗin ɗakin na kan layin gurup. Bayan hunturu a kashe sabar a hure ƙurar, amma ba da iskar mai faci ba, tana ɗauke da danshi da mai. Ondilar kuma ka haɗa ta da sabar ta wayar USB don ta kashe ta cikin tsari idan batiri ya kusa ƙarewa, ka sa mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa kafin tsawar damina.

Shawarar abokinka na biyu tana da amfani ta wata fuska. Idan za a je Kano ko Yamai neman batiri, a haɗo da faifai ɗaya na ajiya, in da hali har da kati na biyu irin naka sak, domin ranar da kati ya mutu da gaske ba ranar fara cigiya ba ce. Tsarin jerin a jikin faifan yake rubuce, ba a katin kaɗai ba, don haka sabon kati ɗan gida ɗaya zai gane shi ya nuna maka Foreign Configuration. A nan Import za ka danna. Clear yana goge tsarin, Initialize kuma yana goge bayanan. Tun yanzu ka manna wa kowane faifai lambar raminsa da ƴar takarda, ka ɗauki hoton shafin saitin katin da wayarka, ka ajiye shi wani wuri da ba cikin sabar ba.