Tallar Haja: Jarida Ko Rediyo?

Tambaya: Ina sayar da injinan ban ruwa da kayan sola a Gusau. Na ware ɗan kuɗin talla. Ɗana ya ce in kai jarida, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da rediyo. Wanne zan bi?

Amsa: Alhaji, hajarka iri biyu ce, masu sayenta ma haka.

Mai sayen sola a Gusau galibi ma'aikaci ne ko mai kanti. Yana karanta Aminiya ko Daily Trust, yawanci a waya, yana kwatanta farashi, yana tambayar garanti, kuma cinikinsa na bin ƙarshen wata. A kan wannan ɗanka ya yi gaskiya. Sai dai jaridun nan na ƙasa baki ɗaya ne, za ka biya kuɗin masu karatu a Abuja da Kano waɗanda ba za su taɓa taka shagonka ba. Ƙaramar talla a Facebook, wadda aka taƙaita ga mazauna Gusau, ta wadatar.

Manomin rani na yankin madatsar ruwa ta Bakalori kuwa daban yake, kuma shi ne na fi so ka kula da shi. Jarida ba ta cika isa ƙauyensu ba. A rediyo yake jin labari, ya tantance shi a majalisa, sannan ya jira ranar kasuwa: Talata a Talata Mafara, Alhamis a Shinkafi. Kuɗi na shigo masa bayan kaka, kuma ba ya zare su sai ya ga an tayar da inji ruwa na fita. Ka tuna Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara: intanet ta tsaya cak, rediyo ce ta rage wa mutane.

Don haka ka ba rediyo kaso mafi tsoka, ko Pride FM ko gidan rediyon jiha, daga Oktoba zuwa Disamba. Ka kuma ware kuɗin motar da za ta kai inji kasuwa a gwada a gaban jama'a.

Tambaya: Daga Ƙaura Namoda nake. Farashin hatsin da maigidana ke karanto mini a jarida bai taɓa yin daidai da na kasuwarmu ba.

Amsa: Hajiya, yawanci farashin manyan kasuwanni ne irin Dawanau ta Kano, kuma kafin a buga ya kwana. Tiyar ma ba girmanta ɗaya ba a ko'ina. Jarida za ta nuna miki ko kaya na hawa ko suna sauka. Kuɗin da za ki riƙe kuwa, ki aika a tambayo 'yan awo biyu ko uku kafin ki fita.