Amsa ga mai tambayar nisan Kano zuwa Jidda a jirgi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka kai Hajiyarka Umra kana son sanin kilomita nawa ne daga Kano zuwa Jidda, kuma awa nawa jirgi ke yi. Allah ya saka maka da alheri, ya sa a yi karɓaɓɓiya.

In layi miƙaƙƙe ne a taswira, wajen kilomita 3,400 ne tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda. Jirgin da zai tafi kai tsaye ya bi ta sararin Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, awa huɗu da rabi zuwa biyar yake yi. Amma dan Allah kar ka tsaya kan wannan lissafin, don tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jirage suka koma kewaye, alhazan shekarar sun ji a jikinsu, tafiyar ta ƙaru sosai har kuɗin jigila ya tashi. To ka tambayi ejan ɗinka ta ina jirgin yake bi yanzu, kar ya ce maka "ai awa huɗu ne kawai" ka yarda.

Abin da ya fi wahalar da tsofaffi ma ba nisan ba ne, tiransit ne. In ka ɗau EgyptAir sai an sauka Alƙahira, tafiyar ta haura kilomita 4,000. In Ethiopian ne ta Addis Ababa, ta kusa 4,700, kuma wannan duk wasa ne in aka haɗa da zaman jiran jirgi na biyu. Na taɓa raka wata gwaggona muka bi tikiti mai arha, wallahi muna zaune a kujerun ƙarfe cikin sanyin na'ura ƙafafunta suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, sai ɗankwalinta na naɗe mata su da shi. Ni a ganina in dai akwai hali, ƙara kuɗi ka samu mai tafiya kai tsaye ya fi, ko aƙalla wanda jiransa bai wuce awa uku ba. Ka kuma nema mata keken turawa tun lokacin yankan tikiti, kar ka bari sai an isa.

Sai maganar agogo, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. In kun tashi goma na dare aka yi awa biyar a sama, kuna sauka ƙarfe biyar na asuba ne a can, shi ya sa mutane suke duba tikiti su zaci awa bakwai aka yi.

In Makka za ku wuce kai tsaye, haraminka ya kasance a jakar hannu ko ka ɗaura tun Kano, don a sama za ku gitta miƙati, kuma daga Jidda akwai sauran tafiyar mota fiye da awa ɗaya kafin Harami. In kuwa Madina za ku fara sai ka nemi jirgin da ke sauka can, a rage wa Hajiya zaman mota.